Haƙƙin Sarki Da Iyakarsa: Yadda Kiristocin Farko Suka Ɗauki Mulki

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a daren lacca na wata-wata, a zauren ƙungiya da ke Anacha.)

 



Ni dai kun san ni. Ba malami ba ne ni, wake da albasa nake sayarwa, karatuna kuma na Islamiyya ne. Sai dai Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wani dattijo mai shagon littattafai, tsohon malamin makarantar mishan. Shekara ashirin da ɗoriya muna zama benci ɗaya in kasuwa ta yi sanyi, ina tambaya yana ba ni amsa, shi ma yana tambayata. Littattafan da ya ba ni aro, ɗana ke karanta mini su da dare yana fassarawa. To abin da na tsinta ke nan na kawo muku. Inda na yi kuskure malamai su gyara, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Dalilin wannan magana, wani yaro ne a cikinmu ya tambaye ni. Ya ce, "Baba, ni mutanen nan sun ɗaure mini kai. Yau ka ji bishop a rediyo yana yi wa gwamna faɗa kamar ɗansa, ran Lahadi ka ga gwamnan ya durƙusa a gabansa. Amma su ne kuma ke cewa a raba addini da gwamnati. Wanne ne nasu?" Na ce masa duka biyun nasu ne, kuma duka biyun tushensu ɗaya, a shekaru ɗari biyar na farkon addininsu. Ban zo in yi jayayyar aƙida ba. Abin da muka yi imani da shi game da Annabi Isa (AS) sananne ne, nasu ma sananne ne. Na zo ne in nuna yadda aƙidarsu ta haifar da ra'ayinsu a kan sarauta. Mu da ke zaune a tsakiyarsu, muna ciniki da su, muna haya a gidajensu, ya kamata mu sani, domin rashin sani ya fi dare duhu. Duk shekarun da zan ambata na Miladiyya ne, ku riƙa tunawa Hijira ta zo a 622.

LOKACIN DA SUKE TSIRARU

Addinin Kirista ya taso ne a ƙarƙashin Daular Rum, wadda ta mallaki Sham da Masar da Arewacin Afirka da rabin Turai. Sarkinta shi ake kira Ƙaisar. Rumawa ba su damu da yawan alloli ba, kowa ya bauta wa nasa. Sharaɗi ɗaya ne: ka girmama gumakan daula, ka zuba turaren wuta a gaban gunkin Ƙaisar. A wurinsu wannan ita ce shaidar kai ɗan ƙasa ne mai biyayya. Wanda ya ƙi, ɗan tawaye ne.

Su kuwa Kiristoci, a littafinsu akwai magana iri biyu. An ruwaito a Linjila cewa an tambayi Annabi Isa (AS) ko ya halatta a biya wa Ƙaisar haraji. Sai ya sa aka kawo kwabo, ya tambayi hoton wa ke jiki, sa'an nan ya nuna musu sarki na da nasa haƙƙin, Allah na da nasa. Bulus kuma, a wasiƙarsa zuwa ga Kiristocin birnin Rum, ya umarce su da biyayya ga mahukunta da biyan haraji, don a ganinsa iko daga Allah yake. Wannan ɓangare ɗaya ke nan. A ɗaya ɓangaren, an ruwaito Bitrus ya faɗa wa majalisar da ta hana shi wa'azi cewa umarnin Allah na gaba da na mutum. To kun ji igiya biyun da suka yi ta ja: biyayya, da iyakar biyayya.

A 64 gobara ta cinye babban sashen birnin Rum, sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifi, ya karkashe su. Wajen 112 wani gwamna mai suna Filini, a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Tarajan yana neman shawara. Ya ce in an kawo masa wanda ake zargi, yakan sa shi ya miƙa turare da giya ga gunkin sarki. Wanda ya yi sai a sake shi, wanda ya ƙi har sau uku sai a kashe shi. Tarajan ya amsa cewa kada a bi su gida-gida, kada kuma a karɓi ƙarar da ba sunan mai ita, amma wanda aka kawo ya ƙi janyewa a hukunta shi.

Ga labarin da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan kasuwa. Ranar 17 ga Yuli, 180, aka gurfanar da mutum 12, maza bakwai mata biyar, a gaban gwamna a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Gwamna ya ce su rantse da darajar Ƙaisar. Jagoransu, Sifiratus, ya ce shi bai taɓa sata ba, kuma duk cinikin da ya yi yana biyan harajinsa, amma bauta ta Ubangijinsa ce. Aka ba su kwana 30 su sake tunani, suka ce ba sa buƙata. Aka fille musu kai. Ku lura, bai ce ba zai biya haraji ba, bai ɗauki makami ba. Ya ba sarki kuɗinsa, ya hana shi sujadarsa.

A wannan gari na Kartaj aka yi wani marubuci mai kaifin harshe, Tartuliyan. A 197 ya rubuta littafin kare Kiristoci, ya ce suna yi wa Ƙaisar addu'ar tsawon rai da zaman lafiya, amma shi mutum ne, yana ƙasa da Allah. A 212 ya rubuta wa wani gwamna cewa haƙƙin kowane ɗan Adam ne ya bauta wa abin da ya gamsu da shi, kuma tilasta addini ba aikin addini ba ne. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A 250 sarki Desiyus ya ba da doka kowa a daula ya yi yanka ga gumaka, ya karɓi takardar shaida mai sa hannun jami'ai, kamar yadda muke karɓar rasit na haraji. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar. Malamai, wannan sarki shi ne Daƙyanus da masu tafsiri da yawa ke ambata a ƙissar As'habul Kahfi. Kiristoci ma suna da labarin samarin da suka gudu kogo a zamaninsa, kusa da birnin Afisa. Sai kuma 303, lokacin da sarki Diyokletiyan ya sa aka rushe coci-coci aka ƙona littattafansu. Wannan ita ce azaba mafi tsanani, kuma ita ce ta ƙarshe.

DA SARKI YA SHIGO COCI

A 312 Kustantin ya ci yaƙi a bakin wata gada kusa da birnin Rum, ya ce Ubangijin Kiristoci ne ya ba shi nasara. A 313 shi da abokin sarautarsa Lisiniyus suka yi yarjejeniya a Milan, cewa Kirista da wanda ba Kirista ba kowa ya bi addinin da ya so, a kuma mayar wa coci kadarorinta. A 321 ya kafa dokar hutun Lahadi ga kotuna da masu sana'a a birane. In kun ga kasuwar garin nan a rufe ran Lahadi, to asalin dokar ya haura shekara 1,700.

To jama'a, nan fa sabuwar jarrabawa ta zo. Jiya sarki ne mai kashe su, yau shi ke gina musu coci yana yafe wa limamansu haraji. Mene ne matsayinsa yanzu?

Abin ya fito fili ne a kan rigimar aƙida. Wani limami a Iskandariyya ta Masar, mai suna Ariyus, ya ce Almasihu yana da farko, halitta ne, ba daidai yake da Uba ba. Bishop ɗinsa ya ce a'a. Rigima ta watsu har cikin kasuwanni. Kustantin ya ga daula za ta tsage, sai ya kira taron bishop-bishop wajen 300 a garin Nikiya, wato Iznik a Turkiyya ta yau, a 325. Shi ya biya kuɗin tafiya, shi ya buɗe taro. Taron ya yanke cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya, wanda shi ne ginshiƙin aƙidar mafi yawan Kiristoci har yau. Sa'an nan sarki ya kori Ariyus daga ƙasarsa. Kun ga, malamai suka yanke hukunci, hukuma ta zartar. Saɓanin aƙida ya zama laifi ga gwamnati.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai bishop Yusibiyus na Ƙaisariyya a Falasɗinu, masanin tarihi. A jawabin da ya yi a 336, na cikar Kustantin shekara 30 a kan gado, ya ce kamar yadda Allah ɗaya ke mulkin sama, haka sarki ɗaya ke mulkin ƙasa, kuma mulkin sarki hoton mulkin sama ne. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a gabas, a Kustantiniyya, inda sarki ke kiran taron malamai yana da ta cewa wajen naɗa shugaban coci, har birnin ya faɗi a 1453.

Hanya ta biyu ta Atanasiyus ce, bishop na Iskandariyya daga 328 zuwa 373. Abin da ya faru, sarauta ta juya. Kustantin da kansa, wani bishop mai goyon bayan Ariyus ne ya yi masa baftisma a gadon mutuwa a 337, ɗansa Kustantiyus kuma ya jingina da wancan ɓangare. Waɗanda suka yi murna jiya da sarki ya kori abokin gabarsu, yau su ake kora. Atanasiyus ya ƙi sauya matsayi, sarakuna huɗu suka kore shi har sau biyar, ya yi kimanin shekara 17 yana gudun hijira. Wani tsohon bishop na Kurɗuba, Hosiyus, ya rubuta wa Kustantiyus cewa Allah ya ba shi sarauta, su kuma ya ba su amanar coci, kada ɗaya ya shiga hurumin ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Islamiyya. Mun karanta abin da ya sami Imamu Ahmad ɗan Hambali bayan Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai ra'ayinsa a kan Alƙur'ani a 833. In sarki ya zaɓi ɓangare a rigimar malamai, sanda ce ke yanke hujja, kuma sanda ba ta da aboki na dindindin.

AMBROS: MUTUM ƊAYA, AIKI BIYU

A 380 sarki Tiyodosiyus ya mai da aƙidar Nikiya addinin daula, a 391 da 392 ya haramta yanka ga gumaka. Shekara 77 kacal tsakanin dokar rushe coci da dokar ɗora coci a kan kowa.

A zamaninsa akwai bishop a Milan mai suna Ambros, wanda tsohon gwamna ne, ya san fada ciki da waje. A 390 mutanen Tasalonika a ƙasar Girka suka yi bore suka kashe kwamandan soja, saboda ya tsare wani gwanin tseren keken doki da suke so. Sarki ya fusata. Sojoji suka rutsa jama'a a filin sukuwa suka yi ta sara, ba mai laifi ba marar laifi. Wani marubucin tarihi na ƙarnin da ya biyo baya ya ce an kashe mutum 7,000. Ambros ya rubuta wa sarki wasiƙa a asirce, ya ce ba zai jagoranci ibada sarki na wurin ba sai ya tuba. Tiyodosiyus, mai rundunonin duniya, ya ajiye kayan sarauta ya tuba a gaban jama'a, aka karɓe shi a Kirsimetin wannan shekara. Hujjar Ambros ita ce sarki ɗan coci ne, yana cikinta, ba ya samanta. To yaro, ka ji asalin bishop mai yi wa gwamna faɗa, da gwamna mai durƙuso.

Amma ku saurara, labarin bai ƙare ba. Shekara biyu kafin wannan, a 388, a garin Kalinikum, wato Raƙƙa ta ƙasar Siriya, wasu Kiristoci suka ƙona wurin ibadar Yahudawa da zugar bishop ɗinsu. Sarki ya yi hukuncin adalci, ya ce a hukunta masu laifi, bishop ya sake gina wurin da kuɗinsa. Wa ya hana? Ambros ɗin nan dai. Ya tsaya a coci ya ƙi ci gaba da ibada sai da sarki ya yi alkawarin janye hukuncin. Yahudawan Kalinikum ba su sami ko sisi ba.

'Yan'uwa, mu da muka san abin da ake nufi da a ƙona maka wurin sallah ko rumfa a ƙasar baƙunci, mun san ɗacin wannan. Ƙarfin da ya sa sarki ya tuba daga zubar da jini, shi ne ƙarfin da ya hana tsiraru diyyarsu. Malamin da sarki ke tsoro garkuwa ne ga talaka in ya yi adalci. In kuwa ya karkata ga nasa, wanda ba nasa ba ya rasa wurin kai kuka.

AGUSTIN ƊAN AFIRKA

Mafi girman malamansu a wannan fanni ɗan nahiyarmu ne. An haifi Agustin a 354 a garin da yanzu ake kira Suƙ Ahras a Aljeriya, ya zama bishop a Hippo, wato Annaba, ya rasu a 430.

A watan Agusta na 410, mayaƙan Got ƙarƙashin Alarik suka shiga birnin Rum suka yi kwana uku suna ganima, abin da ba a gani ba a kimanin shekara 800. Masu bautar gumaka suka ce kun gani, kun bar allolin kakanni ga sakamako. Kiristocin da suka ɗauka daular Rum ita ce mulkin Allah a ƙasa kuwa, gwiwarsu ta yi sanyi. Sai Agustin ya zauna daga 413 zuwa 426 ya rubuta littafin da ake kira Birnin Allah, kashi 22.

Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, 'yan Adam birni biyu ne. Ɗaya an gina shi a kan son Allah, ɗaya a kan son kai. Ba ganuwa ce ta raba su ba, a cakuɗe suke a kasuwa ɗaya, har a coci ɗaya, sai ranar hisabi za a tantance. Saboda haka babu wata daula, ko da sarkinta Kirista ne, da za ta ce ita ce Birnin Allah. Rum ta faɗi kamar yadda wasu suka faɗi kafin ta. Wannan ya rushe maganar Yusibiyus daga tushe.

Ya kuma ce mulkin da ba adalci a cikinsa bai bambanta da ƙungiyar 'yan fashi ba sai da girma. Ya kawo labarin ɗan fashin teku da aka kama aka kai gaban Iskandar na Girka. Sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya addabi teku, shi kuwa ya mayar masa da tambayar a kan duniya, ya nuna bambancinsu yawan jirage ne kawai.

To in haka ne, mene ne amfanin hukuma? Ya ce mutum mai zunubi ne, in ba hukuma ƙarfi ne zai yi mulki. Aikinta ta tsare zaman lafiyar duniya, hanya ta yi aminci, ciniki ya gudana, kotu ta zauna. Wannan zaman lafiya kuwa, mumini da wanda ba mumini ba duk suna buƙatarsa, dole su haɗa hannu a kansa. Mumini baƙo ne mai wucewa, amma yana bin dokar garin da ya sauka yana yi masa addu'a, muddin ba a hana shi bautar Ubangijinsa ba. Da ɗana ya karanta mini wannan wuri na ce ya maimaita, don ji na yi kamar da mu 'yan zango ake. Shi ne kuma ya shimfiɗa sharuɗɗan yaƙin halal a wurinsu: hukuma ce za ta ɗaura shi, bisa dalili na gaskiya, da niyyar dawo da zaman lafiya.

Sai dai shi ma yana da nasa tabon. A ƙasarsa akwai ɗarikar Donatus, waɗanda suka ɓalle bayan azabar 303, suna cewa limamin da ya miƙa littafi aka ƙona ba ya da sauran limanci. Da farko Agustin ya ce da hujja za a jawo su. Daga baya ya sauya, ya ce ya ga garinsu na haihuwa ya bar wannan ɗarika saboda tsoron dokar sarki. Ya kafa hujja da wani misali a Linjila na mai gida da ya sa bawansa ya matsa wa mutane su shigo walima. A 411 aka yi muƙabala a Kartaj da bishop fiye da 500, wakilin sarki ya ba ɓangaren Agustin gaskiya, a 412 aka kafa dokar tara da ƙwace coci-cocin 'yan Donatus. Gaskiya ne ya roƙi kada a kashe kowa. Amma ku tuna, a wannan Kartaj ɗin Tartuliyan ya ce babu tilas a addini, shekara 200 cif kafin nan. Wancan ya yi magana suna tsiraru, wannan ya yi magana suna da sarki.

ABIN DA YA BIYO BAYA

A 494 Fafaroma Jelasiyus ya rubuta wa sarki Anastasiyus na Kustantiniyya cewa iko biyu ke tafiyar da duniya, na limamai da na sarakuna. A harkar lahira sarki ya bi limami, a harkar tsarin duniya limami ya bi dokar sarki. Hausawa na cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya, to Turai ta yi shekara dubu tana gwada wannan. A 1077 sarki Henri na Huɗu na Jamus ya yi kwana uku a cikin ƙanƙara a ƙofar gidan Kanosa yana neman gafarar Fafaroma. A 1534 Henri na Takwas na Ingila ya yi akasin haka, ya naɗa kansa shugaban cocin ƙasarsa, kuma har yau sarkin Ingila ke riƙe da wannan matsayi. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi yaƙin shekara 30 da ya fara a kan rigimar Katolika da Furotesta, ya halaka miliyoyi. A 1685 sarkin Faransa ya haramta addinin Furotesta, masu goyon bayansa suna kafa hujja da Agustin.

Da jini ya ishe su, sai masana irin su Jon Lok na Ingila, a 1689, suka koma ga tsohuwar magana, cewa sanda ba ta shigar da imani zuciya, aikin hukuma tsaron rai da dukiya ne. Amurka ta sa wannan a tsarin mulkinta a 1791. Mu ma sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauki wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addininsa. Ita ma igiyar tsawata wa sarki ba ta tsinke ba. A 1963, da aka tsare Martin Luta Kin a kurkukun Birmingham ta Amurka saboda neman 'yancin baƙar fata, Agustin ya ambata wajen nuna cewa dokar zalunci ba ta cancanci sunan doka ba.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko, in maƙwabcinka ya ce a raba addini da gwamnati, kada ka yi saurin cewa ƙiyayya ce. Sau da yawa tarihinsu ne ke magana, tun daga turaren Ƙaisar har yaƙin shekara 30. Mu namu tarihin daban ne, kuma muna da damar mu bayyana shi. Amma bayani ya fi shiga in ka san inda ɗan'uwanka ke jin ciwo.

Na biyu, a kan abin da Agustin ya kira zaman lafiyar duniya, ba mu da saɓani da su. Kasuwa ta ci, hanya ta yi lafiya, kotu ta yi adalci. In limaman cocin unguwa sun kira mu zama a kan tsaro ko harajin da ya wuce kima, mu je, mu kuma riƙa kiransu.

Na uku shi ne mai nauyi. Kowa ya iya maganar Tartuliyan in yana tsiraru. Mu nan mun iya ta sarai, kullum muna neman a bar mu mu yi sallah, a ba mu filin maƙabarta, a biya mu in an yi mana ɓarna. To can gida fa? A Kano da Katsina da Sakkwato mu ne masu rinjaye, 'yan'uwan mutanen garin nan kuma su ne 'yan Sabon Gari. In wani ya taɓa shagonsu ko cocinsu, bakinmu na faɗin abin da muke so a faɗa mana a nan, ko kuwa irin na Ambros a Kalinikum muke yi? Mu da muka ɗanɗani baƙunci, mu ya fi kamata mu faɗa wa 'yan'uwanmu gaskiya in mun je gida da Sallah.

Kuma muna da abin koyi. Atanasiyus ɗin nan da aka yi ta kora, shi ya naɗa bishop na farko na ƙasar Habasha. Bayan kusan shekara 300, wajen 615, da azaba ta yi tsanani a Makka, wurin sarkin wannan ƙasa Annabi (SAW) ya tura sahabbansa, saboda ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ƙuraishawa suka biyo su da kyaututtuka har ga manyan fadarsa. Najjashi ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya mayar da kyauta, ya ƙi miƙa baƙinsa. Yana da iko, yana da rinjaye, baƙin ba addininsu ɗaya da mutanensa ba, amma ya tsare su.

Ranka ya daɗe, na ci lokaci, a yi mini afuwa. Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba malamanmu tsoronsa, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwa.